Matar da Daɓenta Ya Kayar da Likita

A tudunmu in ka ce kana neman Ercilia Cárcamo, sai a tsaya ana sosa kai. Amma ka ce matar da ta kayar da likita, ko mai sayar da gas zai nuna maka da haɓa: gida na ƙarshe a saman matakala, mai koren fenti da tukwanen fure a taga.

Abin ya faru wata Laraba da hantsi, cikin watan Afrilu. Ƙaramin asibitin unguwa ya fito da shirin hana tsofaffi faɗuwa, aka turo malamin motsa jiki, Renato Oyarzún, yana bi gida-gida da takarda manne a jikin allo, yana duba duk abin da kan kayar da tsoho: shimfiɗar bakin gado mai zamewa, wayar wuta da ta ratsa hanya, banɗaki marar abin kamawa, lungun da haske ba ya kaiwa. Ya sha faɗa mana shi ba likita ba ne. Mu kuwa duk wanda ya fito daga asibiti da farar riga likita ne, ko fenti ya je yi.

Da aka aiko wa Ercilia cewa za a zo duba gidanta, ba ta tambayi me za a duba ba. Shekara arba'in ta yi tana aikatau a gidajen masu hali, kuma a duk shekarun nan duba gida abu ɗaya yake nufi: uwargida ta shafa yatsa a kan kabad, ta sunkuya ta kalli daɓe ta gefen haske. Saboda haka ran Litinin ta kankare katakon falo da soson ƙarfe. Ran Talata ta shafa jan man daɓe sau biyu maimakon ɗaya, ta bi shi da ƙarfen gugar nan mai doguwar ƙota da muke kira alade. Safiyar Laraba ta taka tsumman ulu ta yi ta zagaya falon tana jan ƙafa, har sai da ta ga ƙwan fitila a ƙasa kamar a madubi.

Renato ya hau matakala casa'in da uku ya iso yana haki. Mutum ne mai jiki, ya ɗan haura arba'in, ga ladabi. Ya goge takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ya ce, "Señora Ercilia, ba zan ɓata miki lokaci ba, da daɓe zan fara." Bai rufe baki ba ƙafafunsa suka riga shi shiga falo. Ya tafi a kan gadon bayansa, allo rungume a ƙirji, ya wuce tebur, ya wuce kujerar da mai gidan ke zaune, sai da kabad ɗin kofuna ya tare shi. Kofunan suka ɗan yi ƙara, suka yi shiru.

Floridor, mijin Ercilia, ya sauke jarida ya leƙo ta saman tabarau.

"Darasin farko ke nan, likita, ko haka kuke gaisuwa?"

Renato bai tashi ba sai da ya lalubo bironsa ya yi rubutu a takardar, yana kwance. Ercilia ta kama hannunsa tana ta ba da haƙuri, ko da yake can ƙasan ranta akwai ɗan jin daɗi, don ba kowane daɓe ke kai ƙaton mutum tun daga ƙofa har kabad ba. Ta zaunar da shi, ta haɗa masa shayi da burodi da fiya. Zunilda maƙwabciyarta kuwa, wadda tagarta ke kallon ƙofar Ercilia kuma ba a taɓa ganin labulenta a sake ba, ta ga komai. Kafin tsakar rana labarin ya gangara har kasuwar kifi.

Duk wanda ya san inda Ercilia ta fito ba zai ga laifinta ba. A ƙauye aka haife ta, can kudu, a ɗaki mai daɓen ƙasa da sai an yayyafa ruwa kafin a share. Tana da shekara goma sha uku aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa nan birnin Valparaíso, gidan wani ɗan kasuwa. Ranar farko aka ba ta soson ƙarfe aka ce ta taka ta gurza, ta yi ta yi har diddigenta ya fashe. Amma da aka shafa mai aka goge, ta sunkuya ta ga fuskarta a ƙasa, sai ta ce wa kanta ita ma sai ta yi irinsa, ko da faɗin tabarma ne.

Floridor Mancilla ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Ran Lahadi da yamma kawai ake barinta ta fita, shi kuma yana jiranta a gindin tudu da gashi a shafe. Da maganar aure ta taso ya tambaye ta me take so, yana zaton zobe za ta ce. Ta ce daɓen katako. Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, sai ya fara tara katakon akwatunan da ake sauke injuna a ciki. Bibbiyu yake hawo da su a kafaɗa bayan an tashi aiki, lokacin ko matakalar ba a yi ba, turbar laka ce kawai. Shekara uku ya yi yana wannan jigila. Shi ya fere su, shi ya jera, shi ya buga ƙusa, kuma ta wajen kicin aikin ya ɗan karkace, abin da bai taɓa yarda da shi ba. Ya ce tudun ne ya karkace.

Tun daga nan Asabar ta zama ranar daɓe. Ita ke shafa mai, shi ke tura alade saboda nauyinsa, sai a kunna rediyo, kowa ya taka tsumman tsohuwar rigar sanyi, su yi ta zamewa daga taga zuwa ƙofa, hannunsa a ƙugunta wai don kada ta faɗi. Mutanen tudu sun san wannan kiɗan. In ka ji shi ran Asabar da hantsi, ba ka ƙwanƙwasa ƙofar.

Amma shekarar da Renato ya zo, Floridor na da tamanin da biyu, kuma ƙafar hagu ta fara ƙin ɗagawa. Aladen ma ya koma hannun Ercilia. Cikin Janairu ya yi tuntuɓe a matakalar ƙarshe ya fasa gira. Maritza, 'yarsu ɗaya tilo, mai aiki a kantin magani a garin Quilpué, ta zo ta tsaya a tsakiyar falo da jaka a kafaɗa.

"Baba, ba roƙonka nake ba, faɗa maka nake. Ka ƙara faɗuwa, gidana za ka koma. A ƙasa nake, ba hawa ba sauka."

"In je in kalli me? Bangon maƙwabcinki?" Ya nuna taga, inda teku ke shimfiɗe da jirage. "Nan ina da aiki. Wa zai riƙa faɗa wa masu injin ɗaga kaya na tashar can cewa ba su iya lodi ba?"

Shi ya sa ranar da Renato ya gama shan shayinsa ya ajiye kofi, Ercilia ta saurare shi da kyau, don wasa ya bar fuskarsa.

"Señora, zan faɗa miki ba kwana-kwana. A shekarun maigida, in ƙashin ƙugu ya karye, za a iya gyara shi. Amma matakala casa'in da uku, ya gama hawansu. Kina so ya ci gaba da zama a gidan nan?"

"To a ina zai zauna in ba nan ba?"

"Sai man nan ya bar gidan."

"Ko sau ɗaya a wata?"

"Ko sau ɗaya a shekara."

"Ƙarƙashin tebur fa, inda ba mai takawa?"

Ya girgiza kai yana murza ƙugunsa. Ta dubi Floridor, wanda ya koma bayan jarida kamar ba da shi ake ba. Ta tashi ta ɗauko gwangwanin man, ta naɗe shi a takarda, ta miƙa wa Renato da hannu biyu. A makon nan shimfiɗun da ta saƙa da hannunta suka hau saman kabad, aka kafa ƙarfen kamawa a banɗaki, aka ƙara fitila a lungun kicin, alade kuma ya koma tokare ƙofar baya.

Sauran shirin a ɗakin taron unguwa ake yinsa, Talata da Alhamis da safe. Mata goma sha tara, maza biyu, ɗayan ma don shayi yake zuwa. A tashi daga kujera ba tare da an dafa ba, sau goma. A tsaya da ƙafa ɗaya ana riƙe da bayan kujera. A bi layin da aka manna a ƙasa, diddige na taɓa yatsa. A koyi yadda ake tashi in an faɗi: a juya gefe, a durƙusa, a rarrafa zuwa kujera.

Floridor ya ce ba ya zuwa. Ercilia ta rubuta sunansa duk da haka, kuma in Renato ya kira "Floridor Mancilla," sai ta ɗaga hannu ta ce yana nan. Haka matan tudunmu suke. Su ke bin layin asibiti, su ke jin bayanin likita, su ke karɓo magani, da da hali ma su za su sha wa mazan.

"Señora, ƙafarsa ce ke bukata, ba taki ba."

"Zan kai masa, likita."

Sai ta yi goma nata, ta ƙara goma nasa. Cikin wata biyu ta fi kowa a ajin.

Zunilda ba ta bar ta ta huta ba ko rana ɗaya. Da Ercilia ta shigo sai ka ji daga baya, "A ba da hanya, 'yar kokawa ta iso. Likita, matsa jikin bango." Wata rana kuma, "Maƙwabciya, da kin ba ni sirrin man nan tun marigayi nawa na da rai, da na huta da wuri." Ercilia takan ce, "Ke da ko kyankyaso ba ya zamewa a daɓenki, Zuni, sai dai ya maƙale." A yi dariya, Renato ya ce a ɗaga ƙafar dama.

A gida ne abin ya ƙi. Takan ja kujera tsakiyar falo ta ce, "Tsoho, zo ka tashi ba dafawa, sau biyar kawai."

"Tsohuwa, na taka katako mai faɗin tafin hannu, buhu a kafaɗa, teku a ƙarƙashina, shekara talatin da takwas. Yanzu mutumin da ya kasa tsayuwa a falona shi zai koya mini tsayuwa?"

 Da hannunta ta zubar da girman malamin a gaban mijinta, kuma ba ta san yadda za ta kwashe shi ba. Ta gwada lallashi, ta gwada fushi, ta gwada hana shi wainar kabewa ranar ruwan sama. Ya tashi sau biyu don wainar, yana dafe da tebur.

Sanyi ya shigo da ruwansa, kamar yadda yake mana a nan tsakiyar shekara. Daɓen da ake wankewa da ruwa da sabulu ya dushe, ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ercilia ba ta yi ƙorafi ba. Sai dai ran Asabar takan tashi da wuri, ta ɗaura zanen aiki, ta tsaya a tsakiyar falo hannu a sake. Ta daina buɗe labule duka, don kada haske ya tona asirin katakon. In baƙo ya shigo, kafin ya zauna ta ba shi haƙurin daɓe. Wata Asabar Floridor ya miƙa hannu ya kunna rediyo, ta zo ta kashe. Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau.

Satumba ta zo, bikin 'yancin ƙasa na ranar sha takwas ya matso. Kowa na fenti, ana wanke tuta, ana neman gawayin gashi. Maritza ta ce za ta zo da surukanta cin abincin rana. Ercilia na yankan albasa ta ce, ba da kowa take ba, "Shekara hamsin da huɗu, bana ne zan karɓi baƙin sha takwas a kan daɓen barga." Ta share ido da bayan hannu ta ce albasar bana da yaji take.

Ran Alhamis kafin bikin ta gangara aji. Abin da ya faru a bayanta, daga baya ta ji shi. Zunilda ba ta je ba saboda gwiwa. Floridor ya leƙa taga ya kira ta.

"Zuni, kina da sauran man daɓe?"

Tana da shi, a ɓoye cikin tanda tun ranar da Renato ya duba gidanta.

"Me za ka yi da shi, Baba Floridor?"

"Takalmi zan goge."

"Takalminka baƙi, man ja."

"To ki bar ni in ba tsohuwa mamaki mana."

Ta yi dariya, ta sa gwangwanin a kwando ta turo masa ta igiyar shanya.

A ranar Ercilia ta tsaya da ƙafa ɗaya har aka ƙirga ashirin, ba riƙo, aka tafa mata. Ta biya kanti ta sayi ƙarin albasa da zaitun, ta kama hawa. Wajen matakala ta saba'in ta ji kiɗan rediyo. Da ta ƙara hawa kaɗan, ƙamshin mai ya tare ta. Abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba shi ne, kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Ta tsaya ta shaƙa, kamar Asabar ta dawo. Sai kuma ta saki jakar, albasa suka gangara, ta hau sauran da gudu.

Yana kwance a gefen tebur, ƙafar dama kan tsumma, ta hagu ta juya waje kamar ba tasa ba. Daga taga zuwa tebur katako na ƙyalli. Daga tebur zuwa ƙofa yana nan yadda ta bar shi. Ya fi awa ɗaya a nan. Ya yi kira, rediyo ya danne muryarsa, Zunilda kuwa na jin kiɗan tana murmushi.

"Kada ki taka nan," ya ce. "Bai bushe ba."

Ta durƙusa. Bakinta ya fara da kansa, "Juya gefe, ka dafa..." sai ta tuna Renato ya ce in ciwon a ƙugu yake kada a motsa mutum. Duk abin da ta koyo masa wata biyar, ba wanda zai yi amfani sai wannan. Ta lulluɓe shi da bargo, ta ɗora kansa a cinyarta, ta ƙwala wa Zunilda kira ta buga wa asibiti.

Motar asibiti a gindin tudu take tsayawa. Maza huɗu suka ɗauko shi a makara, biyu daga asibiti, biyu 'yan unguwa, kuma tun daga matakalar farko ya fara ba su umarni cikin nishi. "Na gaba, ku rage sauri. Ba da baya ake ɗaukar kaya ba, da gwiwa ne. Kai mai jar riga, a tasha ko kwana ɗaya ba za ka yi ba." Ercilia na biye riƙe da tabaransa. A kwanar farko ya ce su tsaya. Suka zaci ciwo ne. Ya karkata kai ya kalli koren gidan a sama, ya ce su ci gaba.

Aikin tiyata ya yi kyau, aka sa masa ƙarfe a ƙugu. Mako uku a asibiti, daga nan sai gidan Maritza, wadda ba ta ce ai na faɗa ba ko sau ɗaya. Ercilia ta koma can ita ma, tana zuwa tudu ran Litinin ta ba fure ruwa. Tagar ɗakin da aka ba shi wurin ajiye motoci take kallo.

Wata yamma tana bare masa lemo ya ce, "Ya yi ƙyalli?"

"Ka cika mai. Shekara hamsin kana kallona, ba ka san kaɗan ake sawa ba? Kuma sai ya bushe ake hawa."

"Amma ya yi?"

"Ya yi, tsoho."

"Rabi."

"Rabin ya yi."

Renato ya zo duba shi wata Lahadi, ranar hutunsa. Floridor ya miƙa masa hannu daga kujera ya ce, "Likita, mun yi kunnen doki. Daɓe ɗaya, faɗuwa ɗaya-ɗaya." Daga nan ya yi duk abin da aka ce ya yi, ba gardama. Ya tashi, ya zauna, ya ɗaga diddige, gumi na zuba. Da suka gama ya tambaya, matakala nawa zai iya hawa kafin Kirsimeti. Renato ya daɗe yana gyara igiyar jakarsa, ya ce su fara da ɗaya.

Akwai matakala a ƙofar ginin su Maritza da ke haurawa bene na sama. Kullum da hantsi Ercilia na gefe ɗaya, ƙarfen kamawa na ɗaya gefen. Ƙarshen Oktoba ya hau biyu. Tsakiyar Nuwamba ya hau huɗu, ya tsaya yana haki ya ce, "Saura tamanin da tara, tsohuwa." Ta ce ai ya ci rabi. Ya ce lissafinta bai taɓa kyau ba.

Makon da ya biyo tari ya kama shi, ya sauka ƙirji. Ya rasu wata Juma'a da la'asar, farkon Disamba, Ercilia na riƙe da kofin ruwan da ya ce a kawo masa. A ɗakin taron coci na gindin tudu aka yi zaman makoki, domin ba wanda zai hau da akwati matakala casa'in da uku don a sake saukowa da shi washegari. Ercilia ta so ta ce a hau da shi, ta dubi mazan da suka rage a unguwar, ta fasa.

Bayan kwana tara Maritza ta ce, "Mama, ki zauna nan. Me za ki koma yi ke kaɗai?"

Ercilia ta ja kujera tsakiyar ɗaki, ta rungume hannu a ƙirji, ta tashi ta zauna sau goma tana kallon 'yarta. Ta ƙara goma. Sannan ta ɗauki jakarta.

Rabin daɓen na nan yana jiranta. Ba ta ƙarasa shi ba, ba ta kuma kankare shi ba. Takan bi ta ɓangaren da ya dushe, ta zagaya tebur, in za ta buɗe taga ta miƙa hannu daga nesa. Renato ya hau ya gani, ya riƙe allonsa ya daɗe, bai rubuta komai ba, ya sha shayi ya tafi. Man daɓe kuwa in ba a bi shi da guga ba, dushewa yake da kansa. Kafin ƙarshen zafi, wata safiya tana shara ta nemi inda aikinsa ya tsaya ta rasa. Ta durƙusa ta duba ta gefen haske, kamar yadda uwayen gidanta suke yi. Ta daɗe a durƙushe kafin ta rarrafa zuwa kujera ta tashi.

Labulen Zunilda ya sauka tun ranar da aka fita da Floridor. A jana'iza a baya ta tsaya. Takan ajiye miya a bakin ƙofar Ercilia ta ƙwanƙwasa ta gudu, da gwiwar nan tata. Ranar da Ercilia ta kama ta, sai ta fashe da kuka ta faɗi maganar kwando da igiyar shanya.

"Na sani, Zuni. Gwangwaninki ne, da tambarin ƙonewar tanda a gindi. Da kin hana shi, da ya gangara kanti ya saya, ya faɗi a matakala. Kin san shi."

Duk da haka Zunilda ba ta dawo daidai ba. Ta koma ce mata Señora Ercilia, tana gaishe ta kamar matar gwamna. Unguwa ma gaba ɗaya ta ajiye laƙabin nan na matar da ta kayar da likita, in Ercilia ta shigo kanti sai a rage murya. Ita kuwa wannan ladabin ya fi komai ci mata rai, don kullum yana tuna mata dalilinsa.

Da Maris ya zo Renato ya roƙe ta ta riƙa raka shi duba gidaje, saboda tsofaffin mata ba sa jin maganarsa a kan mai. Ta yarda. Shi yana duba fitila da banɗaki, ita tana wucewa kicin kai tsaye: cikin tanda, bayan tukunyar gas, ƙasan kwandon dankali. Ba gwangwanin da ke tsere mata. In matar gida ta fara cewa ko sau ɗaya a wata, Ercilia takan zauna kusa da ita su yi magana a hankali, Renato ya fita waje ya jira. Mazan kuma ba ta lallashinsu. Takan tsaya a gaban kujerar mutum da hularsa a hannunta har sai ya gaji ya tashi. Ajin bana maza bakwai ne, kuma duk matar da ta amsa sunan mijinta, Ercilia na cewa ba ya nan, a rubuta ba ya nan.

Ranar da aka buɗe sabon ajin, ɗakin taron ya cika da baƙin fuskoki daga tudun da ke maƙwabtaka da mu. Renato ya gabatar da kansa, ya ce shi ba likita ba ne, sannan ya nuna Ercilia da ke jera kujeru a jikin bango ya ce ita ce mataimakiyarsa.  Sai murya ta fito daga layin baya, tana ɗan rawa.

"Sababbi, ku dai yi hattara da ita. Ita ce ta kayar da likita, tun daga ƙofa har kabad."

Baƙin suka yi dariya. Mu 'yan unguwa ba wanda ya motsa. Zunilda ta damƙe jakarta a cinya, idonta ya ciko, tana jira.

Ercilia ta ajiye kujerar da ke hannunta, ta gwada ta ko tana girgiɗi, sannan ta juyo.

"Na kayar da shi, Zuni," ta ce. "Amma shi ai ya tashi."